Wace kalma za mu sa a madadin "tiroma" kafin ranar Lahadi?

Mai shirin rediyo, Katsina: Assalamu alaikum. Ranar Lahadi zan yi shiri a kan jinyar yaran da suka dawo daga hannun 'yan bindiga, irin ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020. Likitar da na gayyata "tiroma" take ta cewa, kalmar Turanci ta halin da irin waɗannan yara ke shiga, iyaye a Batsari da Jibiya kuwa ba za su gane ba. A taimaka.

Malamar firamare, Daura: Firgici.

Ma'aikacin jinya: Firgici yana wucewa, Malama. Wannan kuwa yaro ya daɗe da dawowa gida, amma da ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado, ga mugun mafarki, ga fitsarin kwance ya dawo. Ni "tabon firgici" nake ce wa iyaye. Don Allah kada a ce taɓin hankali, daga ranar uwa ba ta ƙara kawo ɗanta.

Malamin Hausa: Tabo ai na ciwon da ya warke ne. Wanda bai warke ba sunansa miki. "Mikin zuci", na daɗe ina faɗa. Amma ku 'yan rediyo sai abin da Kano ta furta kuke ɗauka.

Malamar firamare: Ranka ya daɗe, in asali za a bi, Daura za a tambaya.

Malamin Hausa: Daura tarihi, Katsina karatu.

Ma'aikacin jinya: Malam, kana cewa zuci za su tafi awon hawan jini.

Mai shirin rediyo: Jama'a, lokaci. Ita jinyar fa?

Ma'aikacin jinya: Kada ki ce magani, ƙwaya za su sa rai. Ki ce "jinyar tattaunawa". A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanya biyu ga yara da matasa: tattaunawar da ake bi da yaro sannu a hankali har ya iya ba da labarin abin da ya same shi, da kuma EMDR, inda yake tuna abin yana bin yatsan likita da ido. Ta kuma yi gargaɗi kan ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam a watan farko bayan faruwar abin. Hanya ta farkon na fi so, don ana sa uwa ko uba a ciki, su ma a koya musu. Ƙananan yara kuwa da wasa da zane ake shigar musu.

Mai shirin rediyo: Na gode. Zan ce "mikin firgici" da "jinyar tattaunawa".

Malamin Hausa: "Mikin zuci" ya fi daɗin faɗa. Amma tunda mikin ya shiga, a je a haka.