Ɗora injin iska mai ba da lantarki a kan rufin gida

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Injin iska mai wat 400, idan aka ɗora shi kan rufi, zai cika batir kuwa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, fara auna iskar wurin tukuna. Wat 400 ɗin nan sai iska ta kai gudun kusan mita 12 a daƙiƙa. Idan gudunta ya ninka biyu, wutar ninki takwas take yi. Haka ma in ya ragu. A mita 4, abin da za ka samu bai wuce wat 15 ba.

Amsa ta 2: Rufin kansa ne matsalar. Iska na dukan bango ta murɗe, injin ya yi ta waige-waige, boris (ƙwallayen ƙarfen da injin ke juyawa a kansu) ya ci. Girgizar kuma tana sassauta kusoshin kwano, ga ƙugi cikin ɗaki. Gara turken ƙarfe daga ƙasa, a ɗaure da wayoyi, tsawonsa ya ɗara da mita 9 a kan duk gini ko bishiyar da ke cikin tazarar mita 150.

Amsa ta 3: Don Allah kada ka haɗa shi da kwantirolar sola (na'urar da ke daidaita cajin batir). Batir na cika za ta yanke, fukafukan su yi gudun wuce kima. Nemi kwantirola mai karkatar da rarar wuta zuwa hita. A sa wayar ƙasa saboda tsawa.