Sai da izinin 'yan sanda ake fita zanga-zanga?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Jiya a majalisarmu wani ya dage cewa duk wanda ya fita zanga-zanga babu takardar izinin 'yan sanda ya karya doka. Na ce masa kotu ta soke wannan izini tun 2007, ya ce bai yarda ba. Barista, ki raba mu.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam Sani, ni ina bayan mutumin nan. Idan kowa zai tara jama'a ya toshe titi duk ranar da ya ga dama, ina amfanin hukuma?

Barista Hauwa: Alhaji, barka da yamma. Malam Sani ne ke da gaskiya, kuma a nan Kano maganar ta samo asali. Bayan zaɓen 2003 jam'iyyar ANPP da wasu jam'iyyun adawa sun nemi izinin gudanar da gangami don nuna ƙin amincewa da sakamakon zaɓen, aka hana su. A watan Satumba suka yi taronsu a Kano, 'yan sanda suka tarwatsa shi da hayaƙi mai sa hawaye. Chuba Okadigbo, wanda ya tsaya wa Buhari mataimaki, yana wurin, kuma bayan 'yan kwanaki ya rasu. Jam'iyyun suka garzaya Babbar Kotun Tarayya a Abuja, Femi Falana ne lauyansu, suka yi nasara a 2005. Sufeto Janar na 'yan sanda ya ɗaukaka ƙara, a Disambar 2007 ya sake shan kaye. Mai shari'a Olufunmilayo Adekeye ce ta jagoranci hukuncin. Abin da kotun ta tsaya a kai shi ne, sashe na 39 da na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin baki da na taruwa cikin lumana, don haka sassan dokar tarurruka ta 1979 da suka wajabta neman lasisi ba su da wurin zama. Kotun Ƙolin Ghana ma haka ta yanke tun 1993 a ƙarar da jam'iyyar NPP ta kai shugaban 'yan sandan ƙasar.

Alhaji Garba: To ai ba Kotun Ƙolinmu ce ta faɗa ba.

Barista Hauwa: Ba ita ba ce, ranka ya daɗe. Amma sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma aiwatar da hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara. Muddin wata kotu ta sama ba ta rushe shi ba, shi ne doka.

Alhaji Garba: Barista, ke kina maganar takarda, ni ina maganar abin da na gani da idona. Ranar 1 ga Agusta 2024 an fito da sunan zanga-zangar tsadar rayuwa. Kafin azahar an ɓalle ƙofar shagona, buhunan shinkafa da jarkokin mai duk an kwashe. Har yau ban gama biyan bashin kayan ba. Gwamna ya sa dokar hana fita ta awa 24, amma aikin gama ya riga ya gama. Wake ɗaya ke ɓata gari. Da an tace masu fitowa tun farko, da ban shiga wannan hali ba.

Malam Sani: Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Mun san abin da ya same ka, babu mai raina shi. Sai dai ina tambaya: yaran da suka fasa shagon, takardar izini ce za ta hana su? Ɓarawo ba ya zuwa ofishin 'yan sanda neman lasisi. Mai niyyar lumana kaɗai izini ke tarewa.

Barista Hauwa: Kuma kundin bai ɗaure hannun hukuma ba. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda tsaro ko zaman lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, da sharaɗin dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar dimokuraɗiyya. Fashi da ƙone-ƙone laifuka ne da ke da hukuncinsu. Sannan dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 83, ta ce idan masu taro suka sanar da 'yan sanda, wajibi ne a tura jami'ai su ba da tsaro. Sanarwa daban, roƙon izini daban. A ganina abin da ya kamata Alhaji ya tambaya shi ne me ya sa ba a girke jami'ai a kasuwanni ba, alhali an yi makonni ana shelar ranar.

Usman: Anti Barista, ni abin da ke damuna daban ne. An gudu ba a tsira ba. An cire izini daga hannun ɗan sanda, yanzu gwamnati kotun take zuwa da kanta. A 2024 wata kotu a Legas ta killace masu zanga-zanga a filaye biyu, Ojota da Ketu, ta Abuja kuma ta ce kada a wuce filin wasa na MKO Abiola. Wa zai ji kukanka a cikin filin ƙwallo?

Barista Hauwa: Wannan ka taɓo inda ke min ciwo, Usman. Irin wannan umarni sau da yawa ana bayar da shi ne ba a saurari ɗaya ɓangaren ba, ana gobe za a fita. Kafin a je a ƙalubalance shi ranar ta wuce. Ni ban ga yadda ya dace da ruhin hukuncin 2007 ba.

Hajiya Binta: Ni uwa ce, ba lauya ba. Yaran nan da aka kwasa daga Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar Agustan 2024, aka tsare kusan wata uku, aka gurfanar a Abuja ranar 1 ga Nuwamba bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan 10 kan kowane. Ba kotu ce ta cece su ba, sai da hotunan suka tayar da hankalin jama'a Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Alhaji, wannan ma tacewa ce?

Alhaji Garba: A'a Hajiya, wannan zalunci ne, ban goyi bayansa ba. Amma har yanzu ina nan kan bakana game da titunan kasuwa. Barista, idan mu 'yan kasuwa muka je kotu muka ce a hana bi ta layinmu, sashe na 45 ɗin zai tsaya mana?

Barista Hauwa: Kuna iya shigar da ƙara, Alhaji. Sai dai alƙali zai nemi hujjar barazana ta zahiri a kan layin naku, kuma ya kamata a kira masu shirya taron su ma a ji ta bakinsu.