Tseren tsauni a Faransa, ni kuma ina Kano: Jos zan tafi ko can zan isa da wuri?

Ɗan Gwale: Salam 'yan uwa. Na samu gurbi a tseren kilomita 100 na tsaunukan Alps, ƙarshen Agusta, hanyar tana haura mita 2,500. Mu nan Kano ko mita 500 ba mu cika ba. Hutun sati biyu gare ni. In yi shi a Jos, ko in isa can da wuri jikina ya saba? Kuɗin ɗaya kawai nake da shi.

Abba Sprinter: Ka dinga hawa Dala da Goron Dutse kullum da asuba, shi ke nan.

Ɗan Gwale: Ina yi. Iskar sama nake tambaya, ba ƙafa ba.

Baba Tijjani: Yaro, saurare ni. Tsaunin Kilimanjaro na je, ina ji da ƙarfina. Mun wuce mita 4,000 kaina ya ɗauki sara, amai, ruwa ma ba ya zama. Dare ya yi ina jin numfashina kamar ana tace koko. Ejan ɗin da ya karɓi kuɗina ya rage mana kwanakin hawa don ya ci riba, aka sauko da ni a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, har yau bai ɗaga wayata ba. Allah ya isa.

Maman Hanif: Sannu Baba. Shi dai 2,500 ya ce. Jos wajen mita 1,200 ce, ba za ta yi maka komai ba. Mambila ta jihar Taraba ta fi, ko ka isa Faransa da wuri. Kada ka sha Diamox, maganin ciwon da hawa tsauni ke jawowa, yana cikin magungunan da aka haramta wa 'yan wasa.

Abba Sprinter: Hajiya, kin taɓa gudun kilomita goma?

Maman Hanif: Nas ce ni. Kai ka taɓa wuce Zariya?

Sadiq Fagge: Ɗaki a Jos dubu 15 kwana.

Abba Sprinter: Wace shekara? Dubu 30 na biya.

Ɗan Kurmi: Ka yi gudu a bayan tifa a Kurna, iska za ta yi maka ƙaranci kyauta 😂

Sadiq Fagge: Gudun asuban ma fa? Satin jiya masu ƙwacen waya suka tare abokina da wuƙa, agogonsa da wayarsa duk sun tafi.

Baba Tijjani: Shi ya sa na daina fita ni kaɗai. Ku a unguwarku akwai 'yan sintiri?