"Sai bango ya tsage": wane ne ƙadangaren a faɗuwar daular Rumawa?

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, ina neman a warware mini wata. Jiya muna bitar faɗuwar daular Rum ta yamma, sai wani abokin karatuna ya kawo ra'ayin Baturen Ingilan nan Edward Gibbon, wanda littafinsa ya fara fitowa a 1776, cewa yaɗuwar Kiristanci na cikin abin da ya kashe wa Rumawa jiki: dukiya ta koma coci, majiya ƙarfi sun bar aikin soja sun shiga halwa, manyan coci suna ta rigimar aƙida. Na ce masa ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya ce to, wanne ne bangon, wacce ce tsagar, wane ne ƙadangaren? Nan bakina ya mutu.

Ɗan Wusasa: Ƙanena, ni Bahaushe ne kuma Kirista, don haka ka san ba zan ji daɗin a kira addinina ƙadangare ba. Amma mu ajiye wannan. Ƙadangare daga waje yake zuwa, Kiristocin farko kuwa 'yan gida ne. Manzo Bulus kansa yana da 'yancin ɗan ƙasar Rum, har ya ɗaukaka ƙararsa zuwa gaban Kaisar. Wajen shekarar 112 gwamnan Bitiniya, Filini, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa abin ya game birni da ƙauye, maza da mata, manya da yara. Waɗannan talakawan sarki ne masu biyan haraji. Ta ina suka shiga, alhali a ciki aka haife su?

Malamar Hausa: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da yaron, ba da nufin cin fuska ya faɗa ba. Ita wannan magana faɗa ce ga mai bango. Idan wa da ƙani suka ɓata, ko kishiyoyi suka daina gaisawa, magulmaci ya samu kunnen da zai zuba wa magana, sai tsohuwar gida ta ce sai bango ya tsage. Tana nufin ku kuka buɗe ƙofa. Sai dai a gaskiya ban taɓa jin an yi ta a kan mai shigowa da alheri ba. Ba a cewa bango ya tsage likita ya shigo. To ka ga ƙorafin Ɗan Wusasa yana kan hanya.

Tsohon Magini: Hajiya, ki bari mai sana'a ya sa baki. Shekara talatin ina ginin ƙasa, ban taɓa ganin ƙadangare ya tsaga bango ba. Ruwan damina ne, da rashin yaɓe, da gara mai ci ta ciki. Shi dai ya tarar da rami ya kwanta.

Malamin Sakandare: Baba magini ya ba mu bakin zaren. A duba lokacin da bangon ya fara tsagewa. A 235 sojoji suka kashe sarki Sebarus Iskandar, daga nan har 284 an yi sarakuna sama da ashirin, mafi yawansu takobi ya raba su da gadon sarauta, sau da yawa takobin sojojinsu. A 260 Shafur na Farisa ya kama sarki Baleriyan da ransa. Kuɗin azurfa ya lalace har ya zama tagulla da aka shafa wa azurfa a baya. Ga annoba da ta ɓarke wajen 250 ta yi shekaru tana ɗibar mutane. Duk wannan ya faru mulki ba ya hannun Kiristoci. Hasali ma farautarsu ake yi: a 250 sarki Desiyus ya ce kowa ya yi yanka ga allolin gargajiya a ba shi takardar shaida, a 303 kuma Diyokilishiyan ya sa a rushe majami'u a ƙone littattafai.

Abin da ya ja mutane gare su a wannan hali ba ɓoyayye ba ne. Suna jinyar marasa lafiya lokacin da kowa ke gudu, suna binne gawar da ba ta da mai ita. Wajen 251 cocin birnin Rum kaɗai na ciyar da gwauraye da mabuƙata sama da 1,500. Sarki Juliyan, wanda ya hau a 361 ya yi ƙoƙarin maido da addinin gargajiya, da kansa ya koka cewa Kiristoci na ciyar da matalautansu har da na maguzawan Rum. In har sai an yi amfani da karin maganar, to Kiristanci ya yaɗu ne a gidan da ya riga ya tsage, ba shi ya tsaga shi ba.

Mai Gardama: Allah gafarta Malam, ka tsaya a inda ya yi maka daɗi. Ƙarasa mana. Bayan sarki Kwanstantin, wanda ya rungumi Kiristanci, ya ci yaƙin gadar Milbiya a 312, aka yi yarjejeniyar Milan da ta ba Kiristoci 'yancin addini a 313, me ya biyo baya? An yafe wa ma'aikatan coci hidimar gari da sauran masu hali ke ɗauka, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage. A 325 sarki da kansa ya tara bishop-bishop a Nikiya don rigimar Ariyus, wani malamin coci da ya saɓa wa sauran a kan matsayin Almasihu, rigimar kuma ba ta mutu ba. A Afirka ta Arewa 'yan Donatus, wani ɓangare da ya ɓalle daga coci, da sauran Kiristoci sun fi shekara ɗari suna ja-in-ja. A 380 sarki Tiyodosiyus ya mai da aƙida ɗaya ta zama ta gwamnati. Baba magini ya ambaci gara. Wannan ba ci ta ciki ba ne?

Ɗan Wusasa: Daga ƙadangare an koma gara. Allah ya sawwaƙe, Malam.

Mai Gardama: Wallahi ba addinin nake nufi ba, yayana, rigimar malaman nake nufi. Kowane addini yana da irinta.

Na Damagaram: Ni a ganina karin maganar da ta dace daban ce: da ɗan gari akan ci gari. Alarik, shugaban Gotawa (wata ƙabilar Jamusawan da) da ya washe birnin Rum a 410, ya taɓa yi wa Rumawa yaƙi a ƙarƙashin Tiyodosiyus a 394. Abin da yake nema muƙami ne da abinci da ƙasar da mutanensa za su zauna, aka yi ta ja masa rai. Kuma shi ma Kirista ne, har ya hana a taɓa waɗanda suka fake a majami'un Bitrus da Bulus. Odowaka da ya tuɓe yaron sarki Romulus a 476, hafsa ne a rundunar Rum. Su ma Gotawan da izinin sarki Balens suka ƙetaro kogin Danub a 376 suna gudun Hunawa, wasu mahaya da suka ɓullo daga gabas, jami'an Rum suka cuce su a kan abinci, suka yi tawaye, suka kashe Balens ɗin a Adiriyanobul a 378. Waɗanda suka rushe gidan duk sun ci tuwonsa.

Malamar Hausa: A'a ɗana, a nan zan ɗan ja. Ɗan gari a wannan magana shi ne wanda ya san lungu ya nuna wa maƙiyi hanya. Alarik shi ne maƙiyin da kansa, ko da ya taɓa cin albashinsu. In kana neman ɗan garin, nemi jami'an da suka sayar wa mayunwata abinci da tsada.

Malamin Sakandare: Mai Gardama, ga tambayar da nake yi wa ɗalibaina duk shekara. A 395 aka raba daular biyu. Gabas ta fi yamma yawan Kiristoci, ta fi ta masu halwa, rigimar aƙida kuwa can ce matattararta. Me ya sa yamma ta faɗi a 476, gabas ta kai 1453 kafin Sultan Muhammadu na Biyu ya ci Kustantiniyya? Rumawan da muke karantawa a Suratur Rum, na zamanin Hiraƙal, su ne waɗannan na gabas, Kiristoci ne, kuma sun rama kayen da Farisa ta yi musu. Ciwo ɗaya ba ya kashe wa nan take ya bar ƙani shekara kusan dubu.

Zargin ma tsoho ne. Bayan 410 masu addinin gargajiya sun ce alloli ne suka yi fushi don an daina yi musu yanka, an kuma cire bagadin allahiyar nasara daga majalisar dattawa a 382. Don amsa musu Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, ya rubuta babban littafinsa, yana lissafa masifun da suka sami Rum tun ana bautar allolin.

Mai Gardama: Hujjar gabas ta yi ƙarfi, ban musa ba. Amma gabas tana da Masar da hatsinta, tana da ganuwar Kustantiniyya. Mai ƙiba yana daɗewa da cutar da ke kayar da ramamme. Wannan bai nuna babu cutar ba.

Tsohon Magini: To ai ka dawo wurina. A ƙasarmu bangon gabas ne ruwa ke duka, shi ake fara yaɓewa kafin damina, in ba kuɗin yaɓe shi ke fara zubewa, ko da ƙasa ɗaya aka gina su duka. Malam, su can wane bango ne ke shan ruwa, kuma wa ke biyan kuɗin yaɓen?

Malamin Sakandare: Na yamma ne, Baba, don shi ke da kogin Rayin da babban yanki na Danub a kansa. Kuɗin yaɓen kuwa daga Afirka ta Arewa yake fitowa, hatsi da haraji. Bandalawa, wata ƙabilar Jamusawan da, suka ƙwace Kartaj, babban birnin yankin, a 439, su ma Kiristoci ne mabiya Ariyus, daga nan albashin soja ya gagara.

Ɗalibin Tarihi: Na gode ƙwarai. Gobe zan ce masa Gotawa da Bandalawa ne ƙadangarun.

Malamar Hausa: Ka shirya, zai tambaye ka ko ƙadangare yana ɗaukar gatari.