Dusar ƙanƙara a Whistler: waɗanda suka taɓa zuwa su ba mu labari

Daga Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da taron ƙara wa juna sani a birnin Vancouver na ƙasar Kanada cikin watan Janairu, kuma uwargida da yara biyu za su bi ni. Yaran sun ƙwallafa rai a kan wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a Whistler, wani dutse da ƙauyen shaƙatawa a arewacin birnin. Kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake son ji daga bakin wanda ya taka wurin: dusar tana nan kullum, ko sai an taki sa'a?

Daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Hunturu biyu na yi a can lokacin karatu. Yawa kam akwai, don abin da ke zuba a saman dutsen a shekara yakan kai mita 11. Abin lura shi ne teku. Iskar da ke tasowa daga Pasifik tana tafe da laima da ɗan ɗumi, ga ƙauyen yana ƙasa, wajen mita 675, ƙololuwa kuwa ta haura mita 2,100. Ranar da na fara zuwa ruwan sama ake tsugawa a ƙauyen, har gabana ya faɗi. Muka shiga gwandola, wato ɗan akwatin da waya ke ja da mutane zuwa saman dutse. Kafin mu kai rabin hanya ɗigon da ke bugun gilashi ya fara yin fari, da muka sauka a sama ƙafa tana nutsewa har gwiwa. Saboda haka kada ruwan ƙasa ya mayar da ku gida, ku hau.

Sannan dusar can tana da nauyi. Ka damƙa ta dunƙule, kamar garin da aka yayyafa wa ruwa za a yi dambu. Yara za su ji daɗin cura ta, amma ɗan koyo tana gajiyar masa da cinya.

Daga Gyallesu:
Malam, a isar wa Hajiya da saƙona. Sanyinmu na Zariya busasshe ne, rigar sanyi da man shafawa sun wadatar. Na can jiƙa mutum yake yi. Safar hannu ta ulu na sa wa ɗiyata, cikin rabin awa ta yi sharkaf, yarinya tana kuka yatsu sun ƙage. A nemi wadda ruwa ba ya ratsawa, a riƙe safar ƙafa ta canji.

Kuma kada ku dogara da ƙananan duwatsun da ke bakin birnin Vancouver. A gasar Olamfik ta 2010 sai da aka yi jigilar dusa zuwa ɗaya daga cikinsu, dutsen Cypress, da manyan motoci da jirage masu saukar ungulu.

Daga Sabon Gari:
Ni Rasha na yi, amma labarin ɗaya ne a Rosa Khutor, wurin wasan zamiya da ke kusa da birnin Sochi na bakin Bahar Aswad. Kafin gasar Olamfik ta 2014 har tara dusar bara suka yi suka lulluɓe don gudun ɓacin rana. Na je ƙarshen Disamba, dusar ƙasan duk ta inji ce, mai tauri, faɗuwa a kanta akwai zafi.

Daga Samaru:
Allah ya saka da alheri. Hajiya ta ji, ta ce an gode. Zan ware kwana uku maimakon ɗaya. Ɗan uwa na Tudun Wada, akwai wurin koya wa yara a can sama, ko duk a ƙauyen suke?