Wa ya shaida lokacin da aka kwashe sojoji zuwa manyan sansanoni?

Ɗan Gubio: Salamu alaikum jama'a. Kullum ana gardama kan kuɗin tsaro, wannan ya ce jirage, wancan ya ce albashi. Ina so waɗanda suka ga 2019 da idonsu su yi magana, shekarar da aka janye sojoji daga ƙananan garuruwan Borno aka tara su a manyan sansanoni, sufa kam ɗin nan. Mu dai wayewar gari muka yi, buhunan yashin da suke fakewa suna nan, mutanen babu. Babanmu ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce a fara ɗaure kaya. Muka koma Maiduguri, gero na tsaye a gona.

Tsohon Saje: Wa'alaikumussalam ɗana. Allah Ya mayar muku da alheri. Amma bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki, don na kwana a irin waɗannan ramukan. Mutum ƙalilan ne a bakin gari, harsashi a ƙidaye, in an kawo hari cikin dare sai ka yi ta kiran ɗauki har gari ya waye. In 'yan Boko Haram suka ci sansanin, motocinmu da bindigoginmu suke kwashewa, da su za su zo wa na gaba. Bayan harin da aka kai wa sansanin sojoji na Metele a Nuwamban 2018 aka kashe sojoji da yawa, duk wanda ke filin daga ya san ba za a ci gaba a haka ba. Tara mu wuri guda yana da hujja. Sharaɗin shi ne a riƙa fita sintiri kullum, shi kuwa sintiri yana cin mai, yana son motar sulke mai jure bam ɗin da ake binnewa a hanya, da makanikai da kayan gyara. Nan aka gaza. Na ga mota ta yi wata biyu a kan duwatsu saboda taya.

Direban Damaturu: Oga Saje gaskiya ka faɗa, sai dai mu muka biya a hanya. A lokacin, da yamma ake rufe shiga Maiduguri, wanda ya makara ya kwana a waje. A Fabrairun 2020 aka afka wa matafiyan da suka kwana a Auno, kusa da Maiduguri, aka kashe mutum akalla 30, aka ƙona motoci. Bayan kwana biyu na bi ta wurin. Har yau in na doshi Auno ba na iya hira da fasinja.

Maman Khalifa: Innalillahi. Ni matar soja ce, kuma ba zan ɓoye ba, ranar da maigidana ya ce an mayar da su babban sansani barci na yi mai nauyi. Sai yanzu da na karanta na Ɗan Gubio jikina ya yi sanyi, ka yi haƙuri ɗan'uwa. Abin da ya fi ci mini rai rashin canji ne. Ya fi shekara uku a can, yaronmu ya fara tafiya bai gani ba, alawus kuma sai an yi ta jira.

Ɗan Gubio: Ba laifinki ba ne Hajiya. To Baba Saje, jiragen Super Tucano 12 da aka sayo daga Amurka, kusan dala miliyan 500, suka iso a 2021, sun yi amfani?

Tsohon Saje: Sun yi, sojan da aka taɓa yi wa ƙawanya ya san daɗin jin ƙarar jirgi a sama. Amma jirgi ya yi luguden wuta ya koma sansaninsa na Kainji a Jihar Neja, ba zai raka manomi gona ba. Ka tuna masu yankan shinkafa na Zabarmari da aka kashe a gona a Nuwamban 2020. Da ni ke rabon kuɗin, sai na fara da ƙarin mutane don a riƙa yin canji, sannan mai da taya. Ku kun koma gida kuwa?

Ɗan Gubio: Yayana ya koma. Babanmu a Maiduguri ya rasu, nan muka binne shi.