Wata uku ana shan maganin ƙarin jini, Hb bai motsa ba

Assalamu alaikum abokan aiki. Akwai majinyaciya mai shekara 42 da amosanin gaɓɓai, Hb ɗinta (haemoglobin, ma'aunin yawan jini) 8.6. Ta sha ferrous sulphate (ƙwayar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini) 200mg kullum har sati 8, na mayar da shi kwana ɗaya a sha, kwana ɗaya a huta, na ƙarin sati 4. Hb 8.8 kawai. Ta sha albendazole (maganin tsutsar ciki), ba maleriya, ba jini a bahaya, kuma na tsayar da diclofenac (maganin ciwo da kan iya sa ciki zubar da jini).

Sakamakon gwajin ne ya ɗaure mini kai: MCV (girman jajayen ƙwayoyin jini) 76, TSAT (ma'aunin sinadarin ƙarfen da ke yawo a jini) kashi 11 cikin ɗari, ferritin (ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye) 140, CRP (ma'aunin kumburi) 48. Na san kumburi na sa hanta ta ƙara fitar da hepcidin (sinadarin da ke daidaita ƙarfe a jiki), shi kuma ya lalata ferroportin (ƙofar da ƙarfe ke bi ya shiga jini), sai sinadarin ƙarfe ya maƙale a bangon hanji da cikin saifa, ɓargo ya rasa abin haɗa jini. Amma kumburin kan ɗaga ferritin, don haka 140 ɗin nan ba ta gamsar da ni cewa ma'ajiyar ƙarfen a cike take ba, kuma ba mu da gwajin sTfR (wanda ke nuna ƙarancin ƙarfe ko da akwai kumburi) a nan.

Shin in ba ta sinadarin ƙarfen ta hanyar jijiya yanzu, ko in jira CRP ya sauka tukuna?